Maɓallan Fn sun ƙi aiki a Linux

Ɗan'uwa, ka ce maɓallan Fn na laftof ɗinka Asus sun ƙi aiki a Linux, kana tambaya ko sai ka rubuta sabon direba, wato manhajar da ke sa Linux ta iya aiki da sassan kwamfuta? A'a, ba sai ka rubuta ba. Shiga babban fayil na drivers/platform/x86 cikin lambobin tushe na kanel, wato zuciyar Linux, ka buɗe fayil ɗin asus-nb-wmi.c. Danna maɓallin da ya ƙi aiki ka duba dmesg, wato umarnin da ke nuna saƙonnin kanel. In ya fito da lambar da bai gane ba, ita za ka ƙara a jerin maɓallan da ke cikin fayil ɗin.

Na yi wannan gyara a tawa, layi ɗaya ya ishe ni. Amma fa ka fara gwadawa da kanel na baya-bayan nan, domin wanda ke zuwa da Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, yakan kasance a baya, ta yiwu an riga an gyara matsalar.