Hajiya ba ta barci sai da ƙwaya, in ƙaro mata ko in canza?

Tambaya: Salamu alaikum. Tun rasuwar Baba Hajiyarmu ba ta iya barci, mai kemis ya ba ta diazepam 5mg, yau wata huɗu kenan kullum sai ta sha, yanzu ma ɗaya ba ta kama ta. An ce Lexotan ya fi sauƙi, shi zan saya ko in ƙara mata na da? 'Yar'uwarku daga Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Gaskiya kar ki yi ko ɗaya, amma kuma don Allah kar ku ɓoye mata maganin yau da dare wai an daina, wannan ɗin ya fi haɗari.

Lexotan sunansa bromazepam, shi da diazepam da Rohypnol da samari ke ce wa Rochi duk 'yan gida ɗaya ne, benzodiazepine, to kin ga ba canji kika yi ba. Dukkansu ƙara wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa ƙarfi suke, GABA, mai kwantar da jijiyoyi. Magani ne na gaske fa, tun 1963 kamfanin Roche ya fito da diazepam da sunan Valium, da shi ake tsayar da jijjiga a asibiti, amma don barci sati 2 zuwa 4 ake so a sha. Wata huɗu kam jiki ya saba, shi ya sa ɗaya ba ta isa, in aka yanke lokaci guda sai rawar jiki, zufa, faɗuwar gaba, wasu har jijjiga.

Abin da ya fi damuna shekarunta ne, diazepam kwanaki yake yi a jikin dattijo bai fita ba, ta tashi alwalar asuba jiri ya kwashe ta ƙugu ya karye, ko ta fara mantuwa ku ce tsufa ne. Ki kai ta wajen likita da kwalin a hannu, ki faɗi ainihin nawa take sha kar ki rage saboda kunya, shi zai tsara ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Maganar rasuwar ma a faɗa masa.

Tambaya: Malam, tramadol nake sha saboda ciwon baya, zan iya haɗawa da diazepam in samu barci?

Amsa: A'a ɗan'uwa, haka ma kodin ko giya. Haɗuwarsu danne numfashi take yi, mutum na kwance ana jin minshari ana cewa barci ne ya yi nauyi, alhali numfashin ne ke tsayawa.