Mantuwar Tsufa da Yanar Ido: Me Ya Kamata a Saya?

Tambaya daga Zariya: Mahaifiyata ta haura shekara 70, mantuwa ta yi mata yawa. Jiya ta zuba gishiri a shayi, sunan jikokinta ma yana kuɓuce mata. Na ga ana tallan wasu ƙwayoyi a Facebook, wai "sitem sel" ne masu sabunta ƙwaƙwalwa. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Amma kada ki saya. "Sitem sel" ƙwayoyin halitta ne masu rai, ba a haɗiye su a kafso, ciki zai narkar da su kamar kowane abinci. Masu wannan talla tausayinki ga mahaifiyarki suke ci.

Gaskiya an samu ci gaba a kan cutar Alzheimer, wato cutar ƙwaƙwalwa mai kawo mantuwa ga tsofaffi. A Yulin 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ba maganin Leqembi cikakken izini, a Yulin 2024 kuma Kisunla. Leqembi ƙarin ruwa ake yi da shi duk mako biyu, yana share wani datti mai suna amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. A gwaji, ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18. Lura da kyau: rage gudu ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Sai a farkon cutar ake bayarwa, ana ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI saboda yana iya jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma a 2023 an sa masa farashin dala 26,500 a shekara.

Kuɗin da ke hannunki, ki kai Hajiya asibitin koyarwa na Shika. A duba hawan jini, suga, sinadarin B12, da yadda ƙullin maƙoƙo (thyroid) ke aiki, domin ƙarancin B12 kaɗai yana kawo mantuwa, kuma ana maganinsa. A gwada kunnenta ma. Tsoho da ba ya ji sosai sau da yawa akan ɗauka ruɗewa ya yi. In cutar ce, likita na iya rubuta donepezil, tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi. Kuma don Allah in ta maimaita tambaya sau biyar, ku amsa mata sau biyar, ba tare da tsawa ba.

Tambaya daga Gusau: Yana ce ta rufe wa Baba ido. Maganin ɗigawa zan saya, ko in kai shi wurin mai cirewa na gargajiya?

Amsa: Malam, ko ɗaya. Babu ɗigon da ke narkar da yana. Na gargajiya kuwa tura ta yake cikin ido da tsinke, kuma da yawa sun makance a haka. Aikin asibiti ya daɗe da nuna: tun 1949 aka fara sa gilashin roba a cikin ido a Landan. Yau ana cire yanar a sa gilashin cikin ƙasa da awa ɗaya. Ka kai Baba Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ka kuma nemi a auna masa matsin ido kafin a sa ranar aiki.