Amsa ga ƙanenmu da eriyar tauraron ɗan'adam ta hana barci

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na karanta tambayarka sau biyu, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin abin da ya same ni ke nan. Ka ce tun da jirginku na sama ya dawo daga babban gyara sadarwar tauraron ɗan'adam take yankewa duk lokacin da ya karkata zai juya, oga ya ce ka canja akwatin SDU, wato na'urar da ke sarrafa sadarwar, ka canja, ba ta sake zani ba, yanzu kuma ana cewa kai ne ba ka iya aiki ba. Kana tambaya ko wurin da aka ɗora eriyar a gadon bayan jirgi ne matsalar.

Wurin ba shi da laifi. Tauraron kamfanin Inmarsat yana can sama da layin ikwaita, nisan kilomita 35,786, dole eriya ta zauna inda babu abin da zai shiga tsakaninta da sama. Shi ya sa ita da ta GPS suke doron jirgi, masu magana da ƙasa kuma irin na'urar auna tsayi da DME, mai auna nisa daga tashar ƙasa, suke ƙarƙashinsa. Gaskiya ne jela tana iya yi mata inuwa, amma sai tauraron ya yi ƙasa-ƙasa kuma yana bayanka, kamar yadda yake faruwa can arewacin duniya, inda idan ka wuce wajen digiri 80 daga ikwaita ma ba ka ganinsa sam sai ka koma wa kamfanin Iridium mai taurari 66. Mu nan fa? Kano tana digiri 12 ne kawai daga ikwaita, Alphasat kuma, tauraron Inmarsat na yankinmu, yana digiri 25 gabas, kusan a tsakar kanka yake. Karkatar digiri 25 ko 30 da matuƙi yake yi bai isa ya ɓoye shi ba. Idan tana yankewa a sararinmu, akwai abin da ya lalace, kada kowa ya ruɗe ka.

Ni nawa ya faru ne ana tsakiyar jigilar alhazai. Jirgin ya dawo daga fenti a ƙasar waje, fes da shi. A ƙasa komai lafiya, gwaji yana wucewa. Da ya tashi ya kama hanyar Jidda sai ta ɗauke. Kyaftin ya rubuta a littafi, na duba, na sa hannu, ya sake tashi, ta sake ɗaukewa. Sau uku. Ogana na lokacin, Allah ya sani ban taɓa yi masa rashin kunya ba, bai taɓa hawa tsani ya leƙa saman jirgin nan ba, daga ofis yake cewa a canja akwati. Na canja. Ya ce a canja amfilifaya. Na canja. Na ce masa, "Yallaɓai, a ba ni dare ɗaya da abin hawa in cire eriyar in ga ƙarƙashinta." Ya ce jirgi ba zai kwana a ƙasa saboda zato na ba. Ranar da rubutu na huɗu ya shigo, a tsakiyar hanga ya tsayar da ni, gaban yaran da ni nake koya wa riƙe sifana, har da masu shara, ya ɗaga littafin sama yana tambayar wa ya ba ni lasisi. Ya ce kuɗin kayan da na ɓarnatar ya fi albashina na shekaru. Ban ce uffan ba, bakina ya bushe. Na tuna ina kallon takalmina, akwai ɗigon man haidurolik a kai, shi na ƙura wa ido har ya gama. Aka dakatar da ni mako biyu. Matata tana da tsohon ciki a lokacin, kullum da safe sai in sa kayan aiki in fita in je in zauna a masallacin unguwa, don na kasa gaya mata. Har yau idan na ji an ɗaga murya a hanga gabana yakan faɗi.

Ina dawowa wani dattijo cikinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya ce mu hau da dare ba tare da an tambayi kowa ba. Muka ɗaura bel, muka kwance notunan, muka ɗaga eriyar. Ƙanena, farin gari ne kwance a ƙarƙashinta kamar an barbaɗa toka, alminiyon ya ciwu. Masu fenti sun mayar da ita a kan fenti ba su kankare wurin haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ba, gam ɗin gefe ya tsage ta baya, ruwan damina ya bi ya sauka cikin bakin kebul. Da na juya kan kebul ɗin a tafin hannuna sai da ruwa ya ɗigo, kore-kore. A ƙasa yana ɗan taɓawa, a sama sanyi ya daskarar da shi, jikin jirgi ya motsa, shi ke nan. Ogan nan bai taɓa ce min yi haƙuri ba. A rahoto ma sunansa ya sa.

To kai ma tunda daga gyara ya dawo, fara nemo takardun aikin ka ga ko an cire eriyar. Ka auna haɗin jikinta da jikin jirgi da mitar lantarki, ka gwada da adadin da manuwal ya bayar, kada ka yarda da ido. Ka duba DLNA ɗin, wato akwatin da ke raba sigina mai fita da mai shigowa ya ƙara wa mai shigowa ƙarfi, da yake nan ƙarƙashin rufi kusa da ita, an ajiye shi kusa ne don dogon kebul yana cinye sigina, kuma nan raɓa take taruwa. Kafin ka hau ka ja birekar da ke yanke mata wuta, ka rataya mata alama, eriyar nan idan tana watsawa tana cutar da mutum, na ga yara suna wasa da wannan. Af, kuma wace iri ce taku? Idan ta gefe biyu ce irin ta wasu tsofaffin 747 da 777, hagu da dama suna miƙa wa juna aiki yayin juyawa, ɗaya ta mutu za ka ga daidai abin da ka faɗa. Ka roƙi kyaftin cikin ladabi ya rubuta maka ko juyin dama ne ko na hagu, da inda hanci yake fuskanta. Sannan eriyar ba ta san inda tauraro yake ba sai IRS, na'urar da ke sanin matsayi da karkatar jirgi, ya gaya mata yadda jirgi yake kwance, idan wannan layin ya sami matsala, a juyi za ta ɓace. Kada ka yi gwaji a cikin hanga, rufin kwano ya tare sama, a ja shi waje a daidaita IRS tukuna.

Idan kuma babban tozon nan na intanet ɗin fasinja kake nufi, wannan wani zance ne. Wasu daga cikinsu kusa da ikwaita dole su rage ƙarfi don kada su taɓa tauraron maƙwabci, sai ka ji ana ƙorafi alhali babu abin da ya lalace.

Don Allah duk abin da oga ya umarce ka, ka sa ya zama a rubuce, ka ɗauki hoton abin da ka gani kafin ka goge shi. Ni ban ɗauka ba, shi ya sa ba ni da abin nunawa. Kuma ka gaya wa iyalinka halin da kake ciki, kada ka yi irin tawa. Ka turo min hoton gefen gam ɗin ta baya idan ka hau, zan duba ko da tsakar dare ne.