Tambaya da amsa: wai da gaske Jamusawa sun harba gurneti da bindigar sigina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wata gajeriyar bindiga mai katon baki ta sojojin Jamus a yakin duniya na biyu, aka ce asalinta ta harba wutar sigina ce amma har tankar yaki ake harbi da ita. Dan Allah da gaske ne? In gaske ne yaya harsashin yake kuma yaya yake aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa. Da gaske ne, sai dai maganar tanka din akwai gyara a ciki, zan zo kanta.

Ita wannan bindiga Jamusawa suna ce mata Leuchtpistole, daya daga cikin samfuranta kirar kamfanin Walther ce. Karyata ake a tsakiya a zura harsashi daya a rufe, fadin bakinta wajen milimita 26 da rabi, cikin bututun kuma sumul yake ba zane. Aikinta kawai ta cilla wuta mai launi ko hayaki sama dan a sanar da yan uwa wani abu ko a haska fili da dare. To da yake kusan kowace rundunar sojan kasa tana da ita, sai sukayi tunanin a bata aiki na biyu, ta cike gibin da ke tsakanin inda hannu ke iya jefa gurneti da inda igwa ke fara aiki.

Duk labarin harsasan nan kokawa ce da abu daya: bututun karami ne, bindigar kuma ba nauyi, a hannu ake riketa. In ka fahimci wannan ka fahimci dalilin kowane samfuri da suka fitar.

Hanya ta farko shine ayi karamin gurneti wanda zai shige cikin bututun gaba dayansa kamar harsashin sigina, misali wanda ake kira 326 LP. Kwanso ne a baya da dan albarushin da zai tunkudashi, a gaba kuma gurnetin, da yan fukafukai a wutsiya dan kar ya rika wuntsilawa a iska tunda bututun baya juyashi. Fashewarsa sai ya daki abu, kuma an yishi yadda bazai dana kansa ba sai yayi nisa da mai harbi. Yana zuwa nesa sosai kam, amma nakiyar da ke ciki bata wuce wajen giram 7 ba, kaga kenan sai ya fadi dab da mutum zaiyi barna. Sun kuma fitar da wata bindigar mai suna Kampfpistole, wadda akayi wa zane mai murdiya a cikin bututu dan harsashi ya fita yana juyawa ya mike, an rubuta mata harafin Z a jiki saboda kar a rikita ta da mai sumul. Saiti ya gyaru, amma karancin nakiya yana nan inda yake.

Hanya ta biyu itace ta fi bani sha'awa, dan anan ake ganin dabara ta dole. Tunda abu mai girma bazai shiga bututu ba, sai a barshi a waje. Suka dauki gurnetinsu na hannu mai siffar kwai, samfurin 1939, wanda yake dauke da nakiya wajen giram 112, suka dorashi a kan wani kara, karan ne ake zurawa ta bakin bindiga shi kuma gurnetin yana leke a waje. Wannan shine 361 LP. Shi ba sai ya daki abu ba, lokaci yake kirgawa, da an harba kamar dakika hudu da rabi sai ya tashi, ko a kasa ko a sama. Barnarsa ta ninka ta wancan nesa ba kusa ba, amma nauyi ya cinye tafiyar, iyakarsa wajen mita 70 zuwa 80.

Yanzu maganar tanka. Bayan Jamus ta afkawa Tarayyar Sobiyet a 1941 sojan kasa ya hadu da tankokin Sobiyet T-34 da KV, kuma abin da ke hannunsa baya musu komai, to a wannan matsin aka fito da harsashin huda tanka mai suna Panzerwurfkörper 42. Shima kara ne a bututu kai a waje, fadin kan milimita 61. Ba da karfin gudu yake huda karfe ba, gaban nakiyar an rarakeshi siffar mazurari an lullube da karfe, in ta tashi sai karfin ya taru waje daya ya tsaga sulke, shi yasa ko a hankali ya iso aikinsa daya ne. A takarda yana huda milimita 80. Amma nauyinsa ya kai wajen rabin kilo da dan kari, ka harba wannan da hannu daya tsintsiyar hannunka ce zata fara jin jiki, dole suka kara wa bindigar gindi mai nadewa na kafawa a kafada da abin saiti, aka sa mata suna Sturmpistole. Kuma sai ka matsa kusa da tanka kamar mita 70, harsashi daya a bututu, gashi sai ya sauka a mike, in ya goga a karkace kan sulken T-34 mai gangare sai lissafin takarda ya rushe. Ni a ganina zalunci ne a tura yaro dan shekara sha tara ya tari tanka da wannan abu. Panzerfaust, wato bututun harba bam din huda tanka, tana fitowa a 1943, wadda daga baya take huda har milimita 200 kuma bata naushin mai harbi, sai wannan ya zama ba'a bukatarsa.

Akwai wani samfurin ma da akayi wa yan cikin tanka, mai tashi cikin kamar dakika daya, ana harbashi ta wata kafa a rufin tankokin Jamus Panther ko Tiger dan korar sojan da ya lallabo kusa. Wannan in ba sulke tsakaninka dashi to kaima kana cikin wadanda zai samu.

Tunanin dai bai mutu ba, bindigar gurneti M79 ta Amurka mai milimita 40 da aka sani a yakin Biyetnam itama karyata ake a sa gurneti daya, sai dai ita tun farko dan wannan aikin aka kerata, da baki mai fadi da gindi na gaske.

Abu daya da zan roki masu karatu, bindigogin sigina na yanzu irin na jiragen ruwa yawanci roba ce ko karfe mara kauri, ba'a yisu dan daukar wani harsashi daban ba, duk wanda ya gwada a hannunsa zata tarwatse. Tsofaffin harsasan nan kuma tsufa baya kashesu, tsatsa tana cinye abin da ke tsare su ne ta bar nakiyar da ranta. Har yau a Jamus ana tono irinsu a dazuka da wuraren gini, kuma ba mai tabawa sai ma'aikatan kwance bam.