Amsar tambayarka kan binciken auren nan

Salamu alaikum ɗana, na ga saƙonka tun la'asar, caji ne ya mutu min. Ka ce mutanen Tudun Wada sun turo bincike kan abokinka da ke neman 'yarsu, kai kuma ka san yana shaƙar hodar iblis, wai a al'ada ba rufa mai asiri ya kamata ka yi ba.

To mu dai da muka taso a Zazzau binciken aure ba abin wasa bane, dattijo ake tashi ya je unguwar su yaro ya tambayi liman da maƙwabta, asali, sana'a, sallah, ciwon gado, duk sai an tono. Rufin asiri na abin da mutum ya yi ne ya tuba ya bari, amma abin da yarinya za ta tare ta tarar a ɗaki in ka ɓoye wallahi amana ka ci.

Kuma kar ka ɗauka kamar goro ce ko sigari. In ya shaƙa daɗin bai wuce minti 15 zuwa 30, tana sakinsa sai ƙunci da faɗa sai ya ƙara nema, haka kuɗin cefane zai tafi har a kai ga kayan ɗakin amarya, ga shi tana matse jijiyoyin jini, jini ya hau, zuciya ta buga ko ɓarin jiki ya shanye ko da kuwa matashi ne, tana cin guringuntsin hanci har ya huje, barci ya ƙaurace, zargi ya shiga, matar ko waya ta ɗauka ta shiga uku.

Hukuma ma ba ta wasa. A 1985 muna samari muka ji a rediyo an harbe mutum uku a Legas kan ƙwaya. Yanzu a dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989, in an kama ka da hodar ko kana sha shekara 15 ne zuwa 25, mai safara kuwa ɗaurin rai da rai. Shugabansu Buba Marwa har gwaji yake kira a riƙa yi kafin aure, ni dai ban ga laifin haka ba.

Ba cewa na yi ka yi mai tallar a majalisa ba fa. Ka samu kawun yarinyar ku biyu, ka ce in ni ne zan dakata, dattijo zai gane. Shi kuma abokin naka likita yake buƙata, akwai sashen masu duba ƙwaƙwalwa a asibitin Shika. Ka zo bayan masallacin Juma'a mu je wurin mahaifinsa tare, kar ka je kai kaɗai.