Jami'o'i uku sun ɗauki 'yata a Amurka: wane tallafi ne ya fi mana sauƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx ta birnin New York, tuƙin mota nake yi, abin da ni da maiɗakina muke samu a shekara bai wuce dala 58,000 ba, kuma mu biyar ne a gida. Jami'o'i uku sun ɗauki babbar 'yata. Ta farko mai zaman kanta ce a wata jiha, kuɗinta dala 84,000 a shekara, amma takardarsu ta nuna tallafin dala 84,000 cif: kyautar makaranta 52,000, Pell 7,395, bashin ɗalibi 5,500, Work-Study 2,500, sai Parent PLUS 16,605. Ta biyu ta SUNY ce, wato jami'ar jihar New York, da kwana a makaranta, kuɗinta 29,000, sun ba ta Pell 7,395, TAP 2,000, kyautar makaranta 1,500 da bashi 5,500. Ta uku ta CUNY ce, wato jami'ar birnin New York, daga gida za ta riƙa zuwa, sun rubuta 20,000, da Pell da TAP kamar na SUNY. Yarinyar ta farkon take so, tana cewa kyauta ce. Abin da zan iya warewa bai fi dala 600 a wata ba, kuma ina gudun riba. Wacce za mu zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun. Ta farkon ba kyauta ba ce, hasali ma ita ce mafi tsada a cikin ukun. Abin da ya rikita lissafin shi ne a Amurka kalmar tallafi tana haɗe abubuwa uku da ba su da alaƙa da juna: kuɗin da aka ba ku har abada, bashin da za a biya da ruwa, da albashin aikin da ba a riga an yi ba. Makarantu da yawa suna jera su a layi ɗaya su tara, sai jimla ta fito ta yi kyau.

Ku ɗauki biro ku soke duk abin da ba kyauta ba ce. A takarda ta farko kyauta zalla ita ce 52,000 da 7,395, wato 59,395. Idan aka cire daga 84,000, saura 24,605. Wannan ne farashin gaskiya na shekara ɗaya. A ta SUNY kyauta ta kama 10,895, saura 18,105. A ta CUNY kyauta 9,395 ce, saura 10,605. Kun ga makarantar da ta ba da kyauta mafi tsoka ita ce ta bar muku kaya mafi nauyi. TAP kuma ba ta fito a takarda ta farko ba ne domin kuɗin jihar New York ne, ba ya bin ɗalibi zuwa wata jiha, saɓanin Pell na gwamnatin tarayya da ke binsa duk inda ya je.

Ko wannan saura ma sai an sake tsaga shi biyu. Akwai abin da makaranta za ta aiko da takardar biyansa: kuɗin karatu, ƙananan kuɗaɗen rajista, ɗakin kwana da abinci. Akwai kuma abin da ta kintata kawai: littattafai, kuɗin mota, sabulu da sauran buƙatu. A CUNY kuɗin karatun digiri ga ɗan jiha dala 6,930 ne a shekara, da ƙananan kuɗaɗe ya kai wajen 7,500. Kyautar 9,395 ta shanye wannan, har a maido wa yarinyar rarar kusan 1,900 ta sayi littattafai da katin jirgin ƙasa. Mafi yawan abin da ya rage a cikin 20,000 ɗin nan ƙiyasin ci da kwananta ne a gidanku, wanda dama kuna yi yanzu. A makaranta ta farko labarin daban ne: kusan duk 24,605 ɗin kuɗi ne da za a nema a hannu, rabi kafin zangon kaka ya fara wajen watan Agusta, rabi wajen Janairu. A tambaye su kuma ko sun saka inshorar lafiya a ciki. Makarantu da dama suna ɗora wa kowane ɗalibi tasu, ta dala dubbai, sai an cike takardar neman a cire kafin wa'adi. Inshorar da iyali ke da ita a New York kuwa, musamman Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba lalle makarantar wata jiha ta yarda da ita ba.

Work-Study ba kuɗi ba ne da ake cirewa daga takardar biya. Izini ne na ta nemi aiki a harabar makaranta, a ɗakin karatu ko wani ofis, a riƙa biyanta gwargwadon awannin da ta yi har ya kai 2,500. Idan ba ta samu gurbi ba, ko karatu ya hana ta, babu ko sisi. Ku ɗauke shi a matsayin kuɗin kashewarta.

Bashin 5,500 shi ne iyakar abin da gwamnatin tarayya ke ba ɗan aji ɗaya da ke ƙarƙashin iyayensa. A aji biyu 6,500 ne, a uku da huɗu 7,500 kowanne, jimla 27,000. Iri biyu ne a ciki, kuma bambancinsu ya shafi damuwarku ta riba. Har 3,500 na shekarar farko zai iya zama wanda ake kira Subsidized, wanda gwamnati ce ke ɗaukar ruwansa muddin tana karatu da kuma wata shida bayan ta gama. Wanda ya biya uwar kuɗin kafin wata shidan nan su cika bai biya ruwa daga aljihunsa ba, sai ladan kashi 1.057 cikin ɗari da ake yanka tun farko. Sauran 2,000 ɗin, wato Unsubsidized, ruwansa yana fara hawa tun ranar da aka fitar da kuɗin, kuma ga bashin shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 kashi 6.39 ne. Hukuncin shiga yarjejeniyar da ke da sharaɗin ruwa ko da ba a kai ga biyansa ba, wannan na malamai ne, ku kai musu bayanin kamar yadda yake. Abin da ya kamata ku sani ta fuskar tsari shi ne ba dole ne a karɓi bashin ba. Ana iya karɓar kyauta a ƙi bashi, ko a karɓi kashi na farko a bar na biyu.

Parent PLUS shi ne kura da fatar akuya a takardar nan. Ba yarinyar za ta ci shi ba, ku ne, da sunanku, kuma ba ya komawa kanta ko bayan ta fara aiki. Ba a duba ko kuna da ƙarfin biya, tarihin bashinku kawai ake dubawa. Ruwansa ga bashin shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 kashi 8.94 ne, ga ladan kashi 4.228 da ake cirewa kafin kuɗin ya isa makaranta, wato kusan dala 700 daga 16,605 ɗin. A shekara huɗu ya zama 66,420. Idan aka raba biyansa a shekara goma, ya haura dala 800 a wata, ku kuwa 600 kuka ce kuna iyawa, ga ƙannenta biyu a baya. Ɗaukar Dala ba gammo kenan. Bayan haka, dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta ƙayyade wannan bashi daga 1 ga Yuli 2026 zuwa dala 20,000 a shekara da 65,000 gaba ɗaya a kan kowane ɗalibi, saboda haka ko kun yarda ku ci, ba zai kai ta ƙarshen aji huɗu ba.

Takardar da ke hannunku ta shekara ɗaya ce, digiri kuwa shekara huɗu ne. Kafin a sa hannu a ko'ina, a rubuta wa ofishin tallafi na kowace makaranta ta imel, domin amsar ta zauna a rubuce. Shin kyautar makarantar ta shekara huɗu ce ko ta shiga kawai? Ta ƙwazo ce ko ta buƙata? Idan ta ƙwazo ce, wane maki ake so ta riƙe? Sau da yawa 3.0 ne cikin 4.0, kuma ɗaliban kimiyya da injiniya sukan zame ƙasa da haka a shekarar farko, kyauta ta tafi ana tsakiyar karatu. Idan ta buƙata ce, duk shekara za a sake cike FAFSA, wato takardar neman tallafin gwamnatin tarayya, wasu makarantun har da wata takardar ta daban mai suna CSS Profile, kuma in samunku ya ƙaru za ta ragu. Sai tambayar da mutane suka fi mantawa: idan kuɗin makaranta ya tashi, kyautar tana tashi tare da shi? Ƙarin kashi 4 kawai a kan 84,000 dala 3,360 ne, kuma in kyautar a tsaye take, duka a kanku zai sauka. A tambaya kuma me suke yi idan ta samo wata kyauta daga waje, ta masallaci ko ta wata gidauniya. Wasu sukan rage bashi da ita, wasu sukan rage tasu kyautar, ya zama wahalar banza.

Yanzu a auna da aljihunku. Dala 600 a wata 7,200 ce a shekara. A CUNY ta isa har da rara, babu bashi ko kaɗan. A SUNY, 18,105 a cire 7,200 saura 10,905. Ko ta ci bashin 5,500 ɗin duka, ta kuma yi aikin hutun bazara ta tara kamar 3,000, akwai giɓin kusan 2,400. A nemi bayani kan Excelsior, tallafin jihar ga iyalan da samunsu bai wuce dala 125,000 ba, amma a sani kuɗin karatu kawai yake cikewa bayan Pell da TAP, ba ya taɓa ɗaki da abinci. Kuɗin karatun SUNY 7,070 ne, Pell ɗinta ta riga ta rufe shi, don haka da wuya ya ƙara muku wani abu. A makaranta ta farko giɓin ya haura 17,000 kafin bashi.

Duk da haka kada a yi saurin rufe ƙofarta. Ana neman a sake duba tallafi, kuma doka ta ba jami'in tallafi ikon gyara lissafi idan an kawo hujja. FAFSA tana amfani da harajin shekara biyu baya, saboda haka idan samunku ya faɗi tun lokacin, ko an yi jinya mai tsada, ko maiɗakinku ta bar aiki, ku haɗa takardun shaida. Kuɗin da kuke aika wa iyaye a gida babu gurbinsa a FAFSA, amma a rubuta shi a wasiƙar tare da rasit. Wasu makarantu masu zaman kansu suna dubawa, ko da yake ba dole ne su karɓa ba. Wasiƙar ta zama shafi ɗaya, yarinyar ce za ta aika, ta faɗi cewa makarantar ce zaɓinta, ta ambaci adadin da ake nema ƙarara, ta haɗa takardun sauran biyun. Ku tsayar da iyaka tun kafin amsa ta zo: in saura bai sauko kusa da abin da 7,200 ɗinku da aikin hutunta za su rufe ba, a haƙura. Ƙarin 2,000 ko 3,000 zai faranta rai amma ba zai sauya komai ba.

A ganina CUNY ce daidai ƙarfinku, SUNY kuma sai idan ita ma an roƙe ta ta ƙara. Ku duba kowacce a shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi ku ga kason ɗaliban da ke kammalawa da abin da masu fanninta ke samu, domin shekara ta biyar tana cinye ribar arha, kuma TAP galibi shekara huɗu take rufewa. Duk wadda kuka zaɓa, ku tambayi tsarin biya wata-wata. Yawancin makarantu suna da shi da ɗan kuɗin rajista, babu ruwa a kai. Lokacin haraji kuma ku tuna wa mai cike muku takardu rangwamen American Opportunity, wanda kan kai dala 2,500 a shekara idan kun biya kuɗin karatu ko littattafai daga aljihu. Yawancin makarantu 1 ga Mayu ne wa'adin ba da amsa, kuɗin kama gurbi kuma ba a cika maido shi ba, don haka wasiƙar roƙon ta fita a farkon Afrilu, kuma kada a biya ko'ina sai amsarta ta iso a rubuce.