Cikina ya sauka kuma yana yawan ɗaurewa, naƙuda ce?

'Yar uwa, sannu da fama, Allah Ya sauke ki lafiya. Kin ce cikin fari ne, kina sati na 36, cikin ya yi ƙasa, fitsari ya dame ki, kuma yakan ɗaure tamau sannan ya saki. Duk na sha waɗannan, kuma yawanci jiki ne ke shiri.

Saukar nan, kan yaro ne ya gangara cikin ƙugu. A cikin fari yakan faru sati 2 zuwa 4 kafin haihuwa, ga wadda ta saba kuwa wani lokaci sai naƙuda ta kama. Numfashi zai sake miki, ƙwarnafi ya ragu, amma nauyin ya koma kan mafitsara, shi ya sa kina kwanciya kina tashi. Ni ko juyi zan yi a gado sai na haɗa gwiwoyina na juya a hankali, don gaɓoɓin ƙugu sassautawa suke yi. Sa matashi tsakanin cinyoyi ya taimake ni ƙwarai.

Ɗaurewar kuwa, ki lura da ita. Wadda ba ta naƙuda ba ba ta da tsari, in kin sha ruwa ko kin kwanta ta gefen hagu sai ta lafa. Ta gaskiya ba ta lafawa. Takan taso daga baya ta zagayo mara, tana ƙara ƙarfi, tazararta na raguwa. Bayan kin cika sati 37, in ta koma duk minti 5, kowacce tana kai minti ɗaya, har tsawon awa guda, ki tafi asibiti. Za ki iya ganin wani abu mai yauƙi kamar majina da ɗan jirwayen jini, toshiyar bakin mahaifa ce ta fita. Nono ma yakan ɗiga dakashi.

Abin da nake roƙonki, kada ki yarda da masu cewa yaro yana rage motsi in haihuwa ta matso. Yanayin motsin na iya canzawa saboda wuri ya matse, amma bai kamata ya ragu ba. In ya ragu, ki je a duba ki a ranar, ko da dare ne. Haka in faya ta fashe, musamman in ruwan kore ne ko ruwan ƙasa, ko jini ya zubo sosai, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, don hawan jini kan kai ga jijjiga. Tunda ba ki cika sati 37 ba, ciwon da ke zuwa a jere ma kada ki zauna da shi a gida.